Daga Ruga Zuwa Turke: Matsayin Kiwon Iyali a Samar da Nama a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyar da nama ke bi kafin ya iso tukubar mai tsire ko tukunyar uwargida. Ta nuna cewa gidaje biyu ne ke ɗauke da nauyinsa: rugar makiyayi da ke haifar da dabba a daji, da gidan manomi da ke ƙarasa ta a turke. Hujjar maƙalar ita ce, duk tallafin da ya tsallake waɗannan gidaje biyu ya nufi manyan gandayen kiwo ya saɓa wa abin da tarihi da bincike suka nuna, kuma inda ya kamata a sa kuɗi da doka shi ne abincin dabba a watannin rani da bazara.

Gabatarwa



A Amurka da Ingila, mai saye kan ƙara kuɗi idan aka tabbatar masa cewa naman da ke gabansa na saniyar da ta ci ciyawa ce a fili, a gonar wani iyali da za a iya ambaton sunansa. Amurkawa sun kai ga haka ne bayan shekaru masu yawa suna tara dubban shanu a shinge guda ana ɗura musu masara. Mu kuwa kusan duk naman da ake yankawa daga Sakkwato zuwa Ikko irin wannan ne, ba mu ƙara wa mai shi ko kwabo, har ma muna neman hanyar da za mu raba shi da sana'ar. Tambayar da nake son mu tattauna ita ce: wa ke samar da naman nan, me ke neman durƙusar da shi, kuma wane irin tallafi ne zai isa hannunsa?

Gidaje biyu, sana'a ɗaya

An saba magana a kan manomi da makiyayi kamar abokan gaba na asali. Wanda ya tashi a karkara ya san ba haka abin yake ba. Saniyar Bunaji ko Rahaji ko Bokoloji a ruga ake haifarta. Bajimin da ya kai shekara 3 ko 4 sai ya fito kara a Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, a rame. Manomi ya saye shi, ya ɗaure a turke, wani lokaci ya yi huɗa da shi damina guda ko biyu, sannan ya sa shi a harawa da dusa da ƙowa da ɗan kanwa na tsawon kwana 90 zuwa 120. Daga nan dillali ya haɗa shi da falke, tirela ta ɗauka zuwa kudu. Ragon layya ma haka: Balami da Uda daga daji suke zuwa, amma a bayan ɗakin wata mata a Ɗambatta ko Mai'aduwa suke yin kitsen da ake yabawa ranar salla.

Gidan manomi kuma ba nama kaɗai yake nema a turken ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Sirrin yana cikin zagayen da kowane ɗan ƙauye ya sani: wake da gyaɗa su ba da harawa, awaki da tumaki su ci a gida, a kwashe takinsu a mangala ko amalanke a mayar gona kafin ruwa ya sauka. Tunkiyar da ke ɗaure tana ciyar da gero kamar yadda geron ke ciyar da ita. Ƙari a kan haka, yawancin ƙananan dabbobin nan na mata ne. Da su ake yin kayan ɗaki, da su ake biyan kuɗin asibiti, kuma al'adar ba da kiwo, inda mai akuya ke danƙa ta ga wata su raba 'ya'ya, ta daɗe tana yin aikin da bankuna suka kasa yi a ƙauye.

Akwai kuma tsohuwar yarjejeniyar mashekari. Bayan an kawar da amfanin gona, manomi ya gayyaci Bafillatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a sallame shi da damin dawa ko gero. Takin zamani mai rahusa na shekarun 1970 ya rage wa manomi buƙatar wannan, daga baya kuma karan da harawar suka zama hajar sayarwa. Yau manomi na tattare gonarsa tas, ya ɗora harawa a kan bishiya ko rufin soro yana jiran tsadar bazara. Ba laifinsa ba ne, nasa dabbobin ma suna jira. Amma ƙofa ɗaya ta rufe ga makiyayi.

Abin da aka gwada a baya

Tunanin cewa kiwon yawo ɓarna ne kuma gandun kiwo na zamani shi ne mafita ba sabo ba ne. A shekarun 1960 an kafa gandun turkar shanu a Mokwa da taimakon Jamusawa, an yi wani a Manchok, an gina masana'antar nama a Bauci. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zama ginshiƙin naman ƙasar nan. Dalilan sun haɗa da tsadar abinci da injuna, da cutar sammore a wuraren da ƙudan tsando yake, da irin riƙon sakainar kashin da aka saba yi wa kayan gwamnati. A ƙarshen shekarun 1970 kuma, ƙarƙashin shirin bunƙasa kiwo da Bankin Duniya ya tallafa, an ba ƙananan manoma rancen sayen bajimai kaɗan su turke a gida. Wannan ɓangaren shi ne ya karɓu, domin bai koya wa kowa sabuwar sana'a ba, jari kawai ya ƙara wa mai ita.

Ta fuskar ilimi ma an sauya ra'ayi. Maƙalar Garrett Hardin ta 1968 ta yaɗa ra'ayin cewa duk makiyayar da jama'a suka yi tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, tunda kowa zai ƙara garkensa. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta kawo misalai daga ƙasashe da dama na al'ummomin da suka tsara wa kansu ƙa'idar amfani da abin tarayya kuma ya ɗore. Kafin ita, a 1983, Breman da de Wit sun wallafa sakamakon aikinsu a Mali, inda suka nuna cewa makiyaya masu tafiya da shanu tsakanin daji da fadamar kogin Neja suna fitar da abincin gina jiki daga kowace kadada fiye da gandayen kiwo na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ƙarancin ruwan sama. Bayanin a fili yake. A ƙasar da ruwa kan sauka a wannan gari ya tsallake na gaba, dabbar da ke iya bin ciyawa inda ta tsiro ta fi wadda aka killace tana jiran a kawo mata.

Ba ina cewa a bar komai yadda yake ba. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta buɗe hanyar keɓe filayen kiwo, kuma an lissafa sama da 400, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa rajistar doka. Sauran, da burtalai da labi da mashaya, an bi su da garma da fulotai, sau da yawa da sa hannun masu iko. Madatsar ruwan Tiga, tun daga 1974, ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya amfani masu noman rani ƙwarai, sai dai ya sa tumatir da albasa a daidai inda shanu ke samun ɗanyar ciyawa a watan Maris. A kan wannan aka ɗora satar shanu da ta'addancin daji a Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja, wanda ya cinye garken makiyayi ya kuma hana manomi zuwa gonarsa. Jihar Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017. Shirin Ruga na gwamnatin tarayya an dakatar da shi a watan Yulin 2019 kafin a kafa tubali. A 2024 an ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Dama ce, amma tana iya tafiya inda na baya suka tafi idan aka sake ɗauka cewa matsalar ita ce makiyayi bai waye ba.

Giɓin bazara

A ganina, nan ne zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Damina a ƙasar Hausa wata 4 ce zuwa 5. A cikinta gamba da kyasuwa da harƙiya da gadagi suna wadatar da dabba, ta yi ƙiba, nono ya yawaita. Da iskar hunturu ta busa, ciyawar ta bushe a tsaye, sinadarin gina jikin da ke cikinta ya faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, alhali tumbin saniya na buƙatar wajen kashi 7 kafin ya iya narka abin da ta ci yadda ya kamata. Ke nan ko da ciki ya cika, jiki na zubewa. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, dabba tana cin naman jikinta ne. Abin da ta tara da damina ta mayar da shi da bazara, shekara ta zagayo a sake daga farko. Wannan ne ya sa karsana a garken gargajiya ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara 4 zuwa 5, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa a yi kusan shekara 2. Wannan ne kuma ke tura makiyayi kudu, cikin gonakin rogo da doya, inda rikici ke jiransa. Mai neman rage yawon shanu da gaske, ya fara da amsa tambayar abin da za su ci a watan Afrilu.

Amsoshin suna nan, an gwada su a ƙasar nan. Harawar wake da ta gyaɗa na ɗauke da sinadarin gina jiki sama da kashi 10 cikin 100, shi ya sa ɗan abin da aka ƙara wa dabba a kan kara ke sauya kamanninta. Cibiyar IITA, ta reshenta na Kano, ta fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da ganye tare, domin ta lura manomin Kano ba zai karɓi waken da ba ya harawa ba komai yawan 'ya'yansa. A shekarun 1980, masu bincike na cibiyar ILCA tare da makiyayan Kachia da Kurmin Biri sun gwada rumbun ciyawa: a kewaye fili kamar kadada 4 kusa da ruga, a shuka ciyawar sitailo mai gina jiki, a hana dabba shiga da damina, da rani a riƙa sakin shanun tatsa da masu ciki su yi awa 2 ko 3 a ciki kowace rana. Shanun sun riƙe jikinsu, mutuwar maruƙa ta ragu. Abin da ya taka wa shirin birki ba ciyawar ba ce. Wayar shinge ta yi tsada bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sannan mutum ba ya shuka abin shekaru a filin da za a iya tashinsa gobe. Darasin ke nan: maganar ciyawa maganar mallakar ƙasa ce. Iyalin da ke zaune a Ladduga ta Kachia shekara 30 ya cancanci takardar da za ta tabbatar masa da inda yake.

Sai bishiya. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani, daidai lokacin da dabba ke nema. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe mai kyau maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da kadada miliyan 5. Ba a dasa su da kuɗin gwamnati ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Daga Daura zuwa Matamaye tafiyar ɗan lokaci ce, amma bambancin yawan gawo a gonaki yana ba mai lura mamaki.

Tunda mun ƙetara iyaka, bari mu dubi dokarsu. Tun 1961 Nijar ta ja layi a arewa wanda aka keɓe abin da ke bayansa domin kiwo. Kundin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin gari, inda manomi da makiyayi da sarki da ma'aikaci ke zama su shata burtali su kafa masa alama. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa tafiya da dabba haƙƙi ne na makiyayi. Kowace shekara hukuma na sanar da ranar sakin gonaki, wadda kafin ta shigar da dabba gona laifi ne, bayanta kuma manomin da ya bar amfaninsa a fili ya san matsayinsa. Ba aljanna ba ce: kisan da aka yi wa makiyaya a Toda ta yankin Maraɗi a 1991 yana cikin abin da ba a mantawa, kuma har yanzu masu kuɗi na killace filayen kiwo. Amma akwai rubutacciyar ƙa'ida da wurin kai ƙara, abin da yawancin jihohinmu ba su da shi. Kuma ruwanmu ne, domin kaso mai yawa na dabbobin da ke cika kasuwannin Illela da Mai'aduwa da Maigatari daga can suke. Da gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar sallar 2025, masu layya a Kano sun ji a aljihunsu.

Kasuwa da lafiyar nama

A kara da ido ake ciniki. Babu sikeli, sai a dubi tozo, a taɓa gindin wutsiya, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Wanda ya fi cutuwa shi ne mai sayarwa cikin matsi, wato makiyayin da ya fito da saniya a bazara don ya sayi hatsi lokacin da hatsi ya fi tsada, dabba kuma ta fi araha. Masu tsara shirye-shirye sukan ɗora laifin a kan dillali su ce a kawar da shi. Ban yarda ba. Dillali shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ne lamunin bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Abner Cohen ya bayyana wannan tun 1969 a nazarinsa na masu masaukin fataken shanu a unguwar Sabo ta Ibadan, kuma la'adar da ake ba dillali ba ta kai abin da ake tatsa a shingayen hanya ba. A bar shi da aikinsa, a ajiye sikeli a kara, a riƙa sanar da farashin kilo a rediyo ranar kasuwa.

Tafiyar kudu kanta asara ce. Kimanin kilomita 1,000 ne daga Kano zuwa Ikko, dabbobi a cunkushe, ba ci ba sha, wasu su karye wasu su mutu, sauran su isa mayankar Oko-Oba sun zube. A 2016 an yi gwajin ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau, bai ɗore ba. Yanka a Arewa a kai nama cikin motar sanyi zai bar fata da ƙashi da ƙaho da aikin yi a gida, amma sai da wutar lantarki tsayayya, kuma sai an shigo da Sarkin Fawa da mahautansa cikin tsarin tun farko, in ba haka ba za a gina kwata ta zamani ta zama kufai. Kafin nan muna da kilishi, wanda ba ya neman firiji. Nijar ta riga ta yi wa nata rajistar asali, tare da albasar Galmi, a hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka da ke Yawunde.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan ingancin abin da muke tallatawa. Saniyar da ke kiwo a bola tana haɗiyar leda ba ta cikin abin da wannan maƙala ke karewa. Haka mai turken da ke ɗura wa rago magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, ko wanda ya yi wa sa allurar kashe ƙwayoyin cuta yau ya kai shi mayanka jibi. Yanka shanu masu ciki a kwatocinmu ya zama ruwan dare, kuma kowace ɗaya asarar garken gobe ce. Maganin waɗannan ma'aikacin dabbobi ne a kusa. Cibiyar Vom tana nan tun 1924 tana yin rigakafi, kuma da allura aka kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, aka sanar a 2011. Ciwon huhu na shanu da annobar zawon awaki da tumaki suna da rigakafi su ma. Abin da ya rage shi ne wanda zai kai allurar ruga cikin sanyinta.

Kan batun ɗumamar yanayi, gaskiya ne shanu na fitar da iskar mitan, kuma saniyar da ke jinkirin girma tana fitar da mai yawa a kan kowane kilo na nama. Wannan ma hujja ce ta cike giɓin bazara, tunda dabbar da ba ta rame ba da wuri take kaiwa yanka.

Inda tallafi zai sauka

Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi da jirgin sama da kuma ƙafa a 1990 ta sami shanu miliyan 13.9, tumaki miliyan 22.1, awaki miliyan 34.5. Awaki da tumaki sun ninka shanu sau huɗu, amma idan ana taron kiwo sai a yini ana maganar shanu. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin Turai tun zamanin fataken Sahara, tana haihuwar tagwaye, tana rayuwa a kan ganyen da saniya ba ta kallo, kuma tana hannun matan da ba a gayyata taro. Cibiyar NAPRI da ke Shika ta yi aiki mai yawa a kan waɗannan dabbobi da abincinsu, saura a fitar da shi daga kabad.

Rance kuma a duba lokacinsa. Harawa da dusa da ƙowa sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, su ninka kuɗi kafin Mayu. Rancen gwamnati kuwa ya saba fitowa bayan an gama zagayen takardu, lokacin da abincin ya riga ya yi tsada. Mai turke tana buƙatar kuɗin a hannu da kaka, ta sayi ramammen rago, ta cika rumbu da harawa, ta biya bayan ta sayar. Tunda babbar salla na matsowa da kwana 11 kowace shekara, jadawalin biyan ma da watan Musulunci ya kamata a ɗaure shi, ba da shekarar kasafin kuɗi ba. Ƙungiyoyin adashi na mata da ke kowace unguwa sun riga sun san wadda ke biya da wadda ba ta biya, don haka ta hannunsu ya fi dacewa kuɗin ya bi.